Kafin Ka Yarda a Buɗe Injin Babur Ɗinka

Da kaka, tsaya bakin titin Funtua zuwa Malumfashi ka sha kallo. Boxer ɗauke da buhun masara biyu, kowanne ya kusa kilo 100, mai shi ya takure a kan tanki. Haka ake fito da amfani daga gonakin Bakori da Kafur da Dandume. Jaki idan kaya ya fi ƙarfinsa kwanciya yake yi. Babur ba ya kwanciya, kulocinsa ne ke cinyewa a hankali.

Za ka gane haka idan ka murɗa totur, inji ya yi ta ihu amma gudu bai ƙaru ba, musamman a hawa ko cikin yashi. Kuloci ne ke zamewa. Kada ka yi saurin cewa a canza filet ɗin kuloci. Fara taɓa hannun kulocin: ya kamata ya yi ɗan wasa kaɗan kafin ya fara jan waya. Idan wayar ta ɗaure tam, tamkar kana tafiya ne da rabin kuloci a matse. Sassauta ta bai wuce aikin minti biyar ba. Idan kuma ta yi sako-sako da yawa, giya za ta riƙa shiga da ƙyar, babur na neman tafiya alhali ka matse kuloci.

Sai baƙin mai, inda mutanenmu suka fi cutar kansu. Kulocin waɗannan babura a cikin man inji yake wanka. Wasu mayukan mota suna da sinadarin ƙara santsi, kuma santsin nan shi ke hana filet kamawa. Nemi galan mai ɗauke da alamar JASO MA, ka guji na awo a kwalba da ba ka san asalinsa ba. Ranar juye, tsaya a kan bakanike ka duba da idonka. Man da ya koma kalar shayi da madara ruwa ya sha, galibi wajen tsallake rafi da damina. Idan kuwa ka ga ɓurɓushin ƙarfe na ƙyalli a ciki, to maganar ta girma.

Wani maƙwabcina ya biya kuɗin buɗe inji saboda babur na fizga yana ƙara, ashe sarƙa ce ta saki, haƙoran da take hawa sun cinye. Abin da ake gani a waje tun kafin a kwance ƙusa ɗaya! Ainihin ciwon giya shi ne ta riƙa fita da kanta kana cikin tafiya, ko sandar giya ta ƙi dawowa.

Masu roba-roba ba ku da hannun kuloci, amma akwai ƙusar saiti a murfin inji na dama, da ita ake farawa.

Don Allah ɗan'uwa, idan aka ce sai an buɗe, ka ce a fara nuna maka waya da mai da sarƙa. In an canza filet, a miƙo maka tsohon a hannu. Buhu na biyun nan kuma, ka koma masa a sawu na gaba.