Havasupai Gardens: Ƙaramin Zango a Cikin Babban Kwazazzabon Amurka

Wanda ya tsaya a bakin Grand Canyon ta gefen kudu, a jihar Arizona ta Amurka, ya leƙa ƙasa, duwatsu ne za su fara cika masa ido: ja, fari, ruwan ƙasa, hawa bisa hawa har inda gani ya ƙare. Sai ya ɗan jima yana kallo kafin ya lura da wani zirin kore can ƙasa, kwance a tsakiyar ƙeƙasasshen fili. Bishiyoyi ne. A gindinsu akwai ɗan rafi da ba ya ƙafewa rani da damina, a inuwarsu kuma akwai ƙaramin zango inda masu yawon ƙafa ke kafa tanti su kwana. Sunan wurin Havasupai Gardens. Daga sama sai mutum ya ɗauka zai isa cikin rabin sa'a, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne: tafiyar kilomita 7 ce da ɗoriya a kan turbar da ake kira Bright Angel, gangare zalla na fiye da mita 900.

Kwazazzabon kansa tsawonsa kilomita 446 ne, zurfinsa a wasu wurare ya haura mita 1,800, Kogin Kolorado ne kuma ya sassaƙe shi. Tun 1919 yake gandun ƙasa a ƙarƙashin gwamnatin tarayya. Mutum fiye da miliyan 4 ke zuwa kallonsa a shekara, akasarinsu su tsaya a bakin ramin, su ɗauki hoto, su koma mota. Masu sauka su kwana a ciki tsiraru ne, kuma hukumar gandun da gangan ta taƙaita su. A kan manyan turbobin da suka haɗa gefen kudu da na arewa zango uku kacal ta tanada: wannan da muke magana a kai, da na Bright Angel a bakin kogi, da na Cottonwood a hanyar hawa arewa. Filayen kafa tanti a Havasupai Gardens ba su kai 20 ba.

Babu wani abin ƙawa a zangon. Kowane fili yana da tebur da benci, da 'yar rumfa, da sandar ƙarfe ta rataye jaka, da akwatin ƙarfe na ɓoye abinci. Akwai famfon ruwan sha, da makewayi irin wanda ke mayar da ƙazanta taki, da ofishin ma'aikacin gandu. Ba shago, ba kanti. Masu yawon ƙafa ba sa hura wutar itace a ko'ina cikin kwazazzabon, sai dai ɗan risho na gas. Ba a shiga da kare. Duk sharar da mutum ya tara, har ɓawon lemo, shi zai goyo ta a bayansa ya fito da ita. Akwatin ƙarfen nan kuwa kada a raina shi: kurege da ɓera da hankaka na wurin sun gama sanin ɗan Adam, jakar da aka bari da gyaɗa a ciki ba ta kwana lafiya, kuma cizon kurege na cikin raunukan da aka fi kai wa asibitin gandun.

Kwana a nan sai da takardar izini. Masu nema sun ninka guraben da ake da su, don haka ƙuri'a ake jefawa ta intanet kimanin wata huɗu kafin watan tafiya. Wanda ya dace, dare biyu kawai aka yarda ya yi a zango ɗaya, sai a tsakiyar hunturu ake ƙara masa zuwa huɗu. Ayarin da ya wuce mutum shida ana lissafa shi babba, kuma ba a yarda ya haura 11 ba. Akwai masu ƙorafin cewa tsarin ya yi tsauri. Ni dai ina ganin daidai ne. Rafi ɗaya da 'yan bishiyoyi ba za su iya ɗaukar dubban ƙafafu a dare guda ba, in aka sake wa kowa mara, cikin shekara kaɗan abin da ake zuwa gani zai zama fako.

Abin tambaya shi ne, me ya kawo ruwa nan, alhali kewayen duk hamada ce? Amsar tana cikin yadda duwatsun suka kwanta. Shimfiɗun dutsen yankin sun ɗan karkata kudu. Saboda haka ruwan sama da ƙanƙarar da suka zuba a tudun arewa suna nutsewa su gangaro wajen kwazazzabon, su ɓullo a manyan maɓuɓɓugai, na tudun kudu kuwa akasarinsa juya wa ramin baya yake yi ya tafi. Ɗan abin da ya rage yana tsiyaya ta cikin dutsen farar ƙasa mai ramuka, har ya ci karo da wata shimfiɗa ta dutsen laka da ruwa ba ya ratsawa, sai ya nemi mafita ta gefe. Ga kuma wata doguwar tsaga da ta keta ƙasar wurin daga wannan gefe zuwa wancan. Ita ce ke jawo ruwan zuwa wannan lungu, ita ce kuma ta farfasa katangun dutsen da in ba don haka ba ko akuya ba za ta iya sauka ba. Tsaga ɗaya ta ba da hanya, ta ba da ruwa. Duk tarihin wurin, da daɗinsa da ɗacinsa, daga nan ya taso.

Mutanen Havasupai, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na yankin, sun san da wannan tun kafin Bature ya taka ƙasar. Su ne ke bin tsagar suna sauka, suna noman masara da wake da kabewa a bakin rafin, suna kiran wurin Ha'a Gyoh. Har yau akwai zane-zanen jar ƙasa na mutanen da a jikin dutse kusa da farkon turbar, galibin masu wucewa ba sa ko ɗaga kai su gan su. A 1882 gwamnatin Amurka ta killace ƙabilar a wani fili mai eka 518 a ƙasan wani kwari can yamma, amma wasu iyalai suka ci gaba da zama a gonakinsu na nan.

Sai ga Ralph Cameron. Wajen 1890 shi da abokansa masu neman ma'adinai suka gyara tsohuwar turbar Havasupai don alfadarai su iya bi. Bai daɗe ba ya gane cewa arzikin ba a cikin dutse yake ba, a aljihun 'yan yawon buɗe ido yake, musamman da jirgin ƙasa na kamfanin Santa Fe ya iso bakin kwazazzabon a 1901. Ya yi rajistar filayen haƙar ma'adinai a kan turbar da kan idon ruwan, ya kafa ƙofa, daga 1903 ya shiga karɓar dala ɗaya a kan kowane mai sauka a kan dabba. Ya kafa tantunan haya a wurin, ya dasa bishiyoyin inuwa, ana kiran zangon Indian Garden. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: masu turbar na asali suna kallo. Ko da Kotun Ƙolin Amurka ta soke iƙirarinsa a 1920, bai saki ba, domin a shekarar ya ci zaɓen sanata, ya riƙa amfani da kujerar yana yaƙar hukumar gandun. Da abin ya ishe ta, hukumar ta sassaƙa tata turbar, South Kaibab, tsakanin 1924 da 1925, don kawai a kauce wa ƙofar kuɗin. Turbar ta bi ta kan ƙoƙuwar dutse, ta fi gajarta, ta fi kyawun kallo, amma babu ɗigon ruwa a kanta, babu inuwa.

Akwai wani ɗan labari na wancan zamani da ke nuna darajar rafin fiye da kowane lissafi. Wasu 'yan'uwa biyu masu hoto, Ellsworth da Emery Kolb, suna da shago a bakin turbar. Da safe su ɗauki hoton baƙi a kan alfadarai. Da yake babu ruwa mai tsabta na wankin hoto a sama, Emery sai ya zabga da gudu zuwa rafin, ya wanke hotunan, ya hawo da su don ya sayar wa masu su in sun dawo da yamma. Tafiyar da yau ake yi wa shiri na watanni, shi aikinsa ne na yini.

A 1928 turbar Bright Angel ta koma hannun hukumar gandun. A shekarar nan kuma aka fitar da mutum na ƙarshe na Havasupai da ya rage a gonakin, dattijon da ake kira Kyaftin Burro, da ƙarfin tsiya. Shekara huɗu bayan haka, a 1932, aka kafa injin tura ruwan maɓuɓɓugar zuwa otal-otal ɗin da ke sama, waɗanda a da sai an yi musu dakon ruwa a taragon jirgi. Mai karatu ya jera waɗannan shekaru biyu ya yi wa kansa hisabi. Sai a 1975 aka mayar wa ƙabilar eka 185,000 na ƙasarta, ban da wannan wuri. A Nuwamban 2022, bisa buƙatar ƙabilar, hukumar da ke kula da sunayen wurare ta Amurka ta amince a daina kiransa Indian Garden. Canjin suna ba ya mayar da gona, wannan kowa ya sani. Amma aƙalla yanzu duk wanda ya cike takardar neman izini sai ya rubuta sunan mutanen da aka kora, kuma wannan ya fi shiru.

Ruwan da ake sha a famfon zangon yau daga nesa yake zuwa. Tsakanin 1965 da 1970 aka shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 20 daga maɓuɓɓugar Roaring Springs da ke gefen arewa. Ruwan yana gangarowa da nauyin kansa, ya tsallake Kolorado a ƙarƙashin wata gadar ƙarfe, ya hawo har Havasupai Gardens ba tare da inji ba, daga nan injuna su ɗaga shi zuwa sama. Bututun ya tsufa tuni. Hukumar ta ce ya yi mummunar fashewa fiye da sau 85 daga 2010, kuma a ƙarshen Agustan 2024 fashewar ta yi tsananin da sai da aka dakatar da kwanan baƙi a otal-otal ɗin gefen kudu na wasu kwanaki. Ana aikin sabunta shi a kan dala miliyan 208, aikin da ke sa a rufe wasu sassan turbobin lokaci-lokaci. Darasin da mai tafiya zai ɗauka ɗaya ne: kada ya dogara da famfo. Ya tafi da abin tace ruwa ko ƙwayar tsabtace shi, don in bututu ya fashe rafin ne gatansa.

Yanzu ga abin da ke kashe mutane. Mai hawan tsauni yana shan wahala da farko, ya huta a dawowa. A kwazazzabo abin a juye yake. Mutum yana fara tafiya da sanyin safiya, da ƙarfinsa, ƙafa na gudu da kanta, sai ya yi nisa kafin ya tuna cewa duk takun da ya yi sai ya biya shi a hawa, kuma hawan kan ci ninki biyu na lokacin sauka. Zafi kuma ƙaruwa yake da zurfi, kusan digiri ɗaya a kowace mita 100. Ana iya barin sama ana sanye da rigar sanyi a tarar da ƙasa tana tafasa. A bakin kogi, cikin watannin Yuni da Yuli, ma'auni kan wuce digiri 40, wani lokaci ya doshi 49 a inuwa. Wanda ya san rana tsaka a Sakkwato cikin Afrilu ya san irinta, sai dai ya ƙara mata jaka mai nauyi da hawan dutse. Hukumar ta ce tana ceto fiye da mutum 250 a shekara, kuma da yawansu matasa ne majiya ƙarfi, waɗanda ƙarfin ne ya ruɗe su. Bayan mace-macen da zafi ya jawo a bazarar 1996 ne aka kafa rukunin ma'aikata da 'yan sa-kai da ke tsayawa a kan turba suna tambayar mutane ina za su, ruwa nawa suka ɗauko, suna lallashin wasu su juya.

Wani haɗarin ma ba a cika saninsa ba. Mutum na iya shan ruwa har ya cutar da kansa. Gumi yana fitar da gishirin jiki, in aka yi ta ɗura ruwa zalla ba a cin komai, gishirin jini sai ya yi ƙasa, a fara jiri da amai da ruɗewa, har ta kai ga farfaɗiya. Alamunsa sun yi kama da na bugun zafi, shi ya sa wasu ke ƙara wa mara lafiya ruwa su ƙara dagula shi. Maganinsa tun kafin ya zo shi ne a riƙa cin abu mai gishiri duk lokacin da aka sha. Daga Yuli zuwa Satumba kuma akwai ambaliyar bazata: hadari ya zuba a wani tudu mai nisa, ruwan ya taru a matsattsen kwari ya iso wa wanda ke ƙarƙashin sararin sama garau.

A nan amfanin ƙaramin zangon yake fitowa. Daga zangon bakin kogi zuwa sama kilomita 15 ne ta Bright Angel, kuma hukumar tana gargaɗi da babbar murya kada kowa ya yi yunƙurin sauka kogi ya dawo a yini ɗaya. Wanda ya samu gurbi a Havasupai Gardens ya raba hawan gida biyu. Ya baro kogi da asuba, ya iso inuwa kafin hantsi ya yi zafi, ya jiƙa rigarsa a rafi, ya yi ƙailula. Da la'asar, in hanyar a buɗe take, ya taka kilomita biyu da rabi zuwa Plateau Point ya leƙa Kolorado daga bisa. Washegari ya tashi da fitilar goshi tun duhu, ya bi ta rumfunan hutu biyu da matasan shirin samar da aikin yi na zamanin Shugaba Franklin Roosevelt suka gina a shekarun 1930. In ya haɗu da ayarin alfadarai, ya raɓe jikin dutse ya tsaya cik har su wuce, domin su ke da hanya.

Ga mai niyyar zuwa: ya nemi izini da wuri, ya zaɓi Maris, Afrilu, Oktoba ko Nuwamba, ya duba sanarwar hukumar kan ruwa da rufe turbobi a daren da zai sauka. In kuwa bazara ce ta kama shi a ciki, kada ya yi tafiya tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma.