Jan Fitsari da Shawara: Illolin Maganin Kariyar Tarin Fuka ga Yara

Idan aka tabbatar da tarin fuka a jikin babba, ma'aikatan lafiya kan nemi a kawo musu duk yaran gidan, musamman 'yan ƙasa da shekara biyar. Wanda aka duba aka ga cutar ba ta tashi a jikinsa ba, sai a ɗora shi kan maganin kariya. A nan gardama kan fara. Uwa na ganin ɗanta yana wasa garau, me zai sa a ɗura masa ƙwaya wata da watanni? Dalilin shi ne jikin ƙaramin yaro ba ya iya tsare ƙwayar cutar a huhu kamar na babba. Takan bi jini ta kai ƙwaƙwalwa ta zama sanƙarau, kuma allurar BCG ta ranar haihuwa rage wannan haɗari take yi, ba ta kawar da shi.

Tsohon tsari shi ne isoniyazid, maganin da aka fara amfani da shi a 1952, kullum har wata shida, wajen miligiram 10 kan kowane kilo na nauyin yaro. Yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gajerun hanyoyi: isoniyazid haɗe da rifamfisin kullum na wata uku, a ƙwayar da ke narkewa cikin ruwa, ko isoniyazid da rifafentin sau ɗaya a mako har mako 12.

Illar da ta fi tayar da hankalin iyaye ita ce wadda ba ta da haɗari ko kaɗan. Rifamfisin da rifafentin suna rina fitsari, hawaye da gumi su koma ja-ja kamar ruwan goro. A garuruwan da yara ke wanka a kududdufi, uwa na ganin haka sai ta ce tsargiya ce, ko maganin ya fasa wa yaron wani abu a ciki, ta jefa ragowar bayan gado. Alhali launin ƙwayar ne kawai ke fita, ana gama sha yake wucewa. A ganina laifin ba na uwa ba ne, na wanda ya miƙa mata magani ne bai ɓata minti ɗaya ya gaya mata ba.

Wadda ta cancanci tsoro kuwa, ita aka fi rainawa. Duk waɗannan magunguna hanta ce ke sarrafa su, kuma ko da yake ba kasafai suke taɓa hantar yara ba kamar yadda suke yi wa manya, yakan faru. Yaro ya ƙi abinci, amai ya ƙi tsayawa, ya yi laƙwas, idanunsa su yi rawaya. Mu kuwa shawara ciwon gida muka ɗauke ta, kaka ta haɗa jiƙo, a ci gaba da ba da ƙwaya a kai, hantar da ta gaji a ƙara mata kaya. Ganin rawaya a ido, a dakatar da maganin, a kai yaro asibiti a ranar.

Isoniyazid kuma yana rage bitamin B6, sai jijiyoyi su fara tsikari ko zogi a tafin ƙafa. Ƙaramin yaro ba zai iya faɗa ba, sai dai a ga yana ƙin takawa. Masu tamowa da masu ɗauke da ƙwayar HIV sun fi shiga wannan, shi ya sa ake haɗa musu da bitamin ɗin. Mai shan maganin HIV a sanar da likita tun farko, domin rifamfisin yana rage ƙarfin wasu daga ciki, irin su nebirafin. Zazzaɓi da ciwon jiki bayan shan na mako-mako, ko ƙuraje masu ƙaiƙayi, su ma a kai rahotonsu.

Sai wurin ajiya. Yaron da ya samu ledar isoniyazid ya watsa da yawa a baki na iya kamuwa da jijjiga mai wuyar tsayawa, don haka ba a ajiye ta a kan taga ko ƙarƙashin matashi.