Senghenydd: ƙauyen da kwal ya tara wa jama'a

Kafin 1890, ƙarshen kwarin Aber da ke kudancin Wales, arewa da birnin Cardiff, gonaki ne ɗaiɗai da tumaki a kan tuddai. Abin da ya sauya shi yana ƙarƙashin ƙasa, wato kwal mai ƙarfin wuta da ƙarancin hayaƙi, irin wanda jiragen ruwan yaƙin Birtaniya ke so. A 1891 kamfanin William Thomas Lewis ya fara haƙa ramin da aka sa wa suna Universal, layin dogo ya iso a 1894, sai ga gidajen dutse jere-jere, bango manne da bango, suna hawa gefen tudu. Ƙauyen Senghenydd ke nan.

Mutanensa baƙi ne kusan dukkansu. Wasu sun baro gonakin yammacin Wales, wasu wuraren fasa dutse na arewa, wasu kuma sun ƙetaro daga Ingila. Haka abin yake a duk yankin. Kwarin Rhondda da ke kusa bai kai mutum 1,000 ba a 1851, amma a 1911 ya haura 150,000. Gida mai ɗakuna kaɗan yakan ɗauki maigida da 'ya'yansa maza da 'yan haya, kuma dukkansu rami ɗaya suke shiga. Wannan shi ne raunin irin waɗannan ƙauyuka: abincin kowa a wuri guda yake, ajalinsu ma haka.

A watan Mayun 1901 iskar gas ta fashe a ramin, mutum 81 suka mutu. An yi bincike, an ba da shawarwari, aiki ya ci gaba. Da safiyar 14 ga Oktoba 1913, lokacin da wajen mutum 950 ke ƙasa, ta sake fashewa. Ƙurar kwal ta kama, wuta ta bi hanyoyin ramin, iska mai guba ta biyo baya ta shaƙe waɗanda wutar ta bari. Mahaƙa 439 suka rasu, da mutum ɗaya cikin masu ceto. Har yau ba a yi hatsarin haƙar ma'adinai da ya kai wannan a Birtaniya ba. Mata fiye da 200 suka shiga takaba, yara fiye da 500 suka zama marayu, a ƙauyen da kowa ya san kowa.

Dokar haƙar kwal ta 1911 ta wajabta wa kamfanoni na'urar da za ta iya juya akalar iska a cikin rami idan gobara ta tashi, amma Universal bai kammala nasa aikin ba. Kotu ta ci manajan tarar fam 24, kamfanin kuma fam 10. Wata jarida ta buga lissafi, ta ce ran kowane mahaƙi ya tashi a kan sule ɗaya da kwabo ɗaya da 'yar ɗoriya. Ko a ma'aunin wancan zamani, wannan hukunci abin kunya ne.

Sai dai ba hatsarin ne ya durƙusar da ƙauyen ba, domin an gyara ramin, maza sun koma. Kasuwa ce ta yi masa illa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya jiragen ruwa suka riƙa komawa ga mai, cinikin kwal a ƙetare ya ja baya, aka rufe Universal a 1928. A shekarun da suka biyo baya mutane dubu ɗaruruwa suka bar Wales neman aiki a Landan da masana'antun tsakiyar Ingila, galibinsu matasa. Jirgin ƙasa ya daina ɗaukar fasinja daga Senghenydd a 1964, ramin Windsor na ƙauyen Abertridwr, wanda ya riƙe sauran mahaƙan kwarin, aka rufe shi a 1986.

A 2013, shekara 100 cif bayan hatsarin, an buɗe wurin tunawa da mahaƙan Wales baki ɗaya a filin tsohon ramin. Ƙidayar 2011 ta sami mutum kusan 6,800 a ƙauyukan kwarin biyu a haɗe, kuma masu aiki da yawa cikinsu garin Caerphilly ko Cardiff suke tafiya kullum.