Shirya Ƙaramin Ɗakin Naɗar Murya a Gida

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa zama domin ya rubuta ɗiyan wata tsohuwar waƙar baka daga kaset, ya san irin wahalar da ake sha. Sau da yawa kiɗa yakan danne muryar makaɗi, amshi ya cuɗe da shewar 'yan kallo, har a rasa gane kalma guda a cikin layi. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Alhaji Mamman Shata a 1999, Hajiya Barmani Coge a 2013, Ɗanmaraya Jos kuwa a 2015. Abin da aka naɗa daga bakinsu, mai kyau ko maras kyau, shi ke nan abin da ya rage wa manazarci. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a nuna yadda ɗalibi zai shirya ɗan ƙaramin ɗaki a gida, domin naɗar waƙa ko tatsuniya ko shirin hira irin wanda ake sakawa a intanet, watau fodkas. Za a ga cewa gyaran ɗakin ya fi tsadar na'ura muhimmanci.

2.0 Ɗaki

Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a cikin sakan guda. Saboda haka a ɗakin da faɗinsa bai wuce mita 3 ba, murya takan bugi bango ta dawo kafin ƙiftawar ido, ta shiga makirufo a kan sahun muryar asali. Wannan amsa-kuwwa illa ce babba ga mai nazarin Hausa, domin harshe ne da ma'ana ke rataye ga karin sauti da tsawon wasali. Alal misali, "fari" na launi da "fari" na rashin ruwan sama da "fari" na somawa, rubutunsu ɗaya ne, kunne kaɗai ke rarrabe su. In murya ta jagwalgwale, wannan bambanci yakan dusashe.

Maganin amsa-kuwwa shi ne a rufe abubuwa masu tauri da masu taushi. A shimfiɗa darduma a ƙasa, a rataya labule mai kauri a taga, a jingina katifa a bangon da ke bayan mai magana, a kuma rataya bargo a wanda yake fuskanta. Kantar littattafai ma tana taimakawa, don takan warwatsa sauti. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango kuwa amfaninsa kaɗan ne ƙwarai.

Sai dai a lura, shanye amsa-kuwwa daban, hana ƙarar waje shigowa daban. Bargo ba ya tare ƙarar babur ko ta janareta; nauyin bango da toshe kafofi ne ke yin wannan. A nan ne soron ƙasa mai kaurin bango ya fi ɗakin kwano, wanda ko yayyafi aka yi sai ya shiga naɗiya. A zaɓi ɗakin da ya fi nisa da titi, a toshe ƙarƙashin ƙofa da tsumma, a kashe fanka, sa'an nan a nemi lokacin da unguwa ta yi tsit.

3.0 Kayan Aiki

Makirufo iri biyu ne aka fi amfani da su. Na farko shi ne "dainamik", kamar Shure SM58 wanda ya fito tun 1966. Yana da juriya, kuma da yake ana kusantar da baki gare shi sosai, muryar takan rinjayi hayaniyar ɗaki. Na biyu shi ne "kwandensa", mai kaifin ji, wanda yawanci yake buƙatar wuta bolt 48 kafin ya yi aiki. Kaifin jin nan nasa shi ne aibinsa a ɗakin da ba a gyara ba, ga shi kuma ba ya shiri da ƙurar hunturu ko danshin damina. Don haka na farkon ya fi dacewa da ɗan koyo.

Bayan makirufo sai ɗan akwatin da ke shiga tsakaninsa da kwamfuta, wanda ke ƙara wa sauti ƙarfi ya mai da shi lambobi, kamar Focusrite Scarlett. Ana haɗa su da waya mai haƙora uku da ake kira XLR. Ya kyautu a sayi mai ƙofa biyu, domin hira ba ta yiwuwa da baki ɗaya. Sai abin saurare na kunne mai rufe kunnuwa ruf, don kada abin da ake ji ya zurara ya koma makirufo. Game da manhaja kuwa, Audacity kyauta ce tun fitowarta a shekarar 2000, kuma ta wadatar. Wanda ba shi da kwamfuta yana iya amfani da ƙaramin rakoda mai batir irin na Zoom, wanda ɗauke wuta ba ta tsai da shi.

4.0 Yadda Ake Naɗa

A bar tazarar taƙi guda, watau kimanin santimita 15 zuwa 20, tsakanin baki da makirufo, a ɗan karkatar da shi gefe. Dalili shi ne baƙaƙe irin su "f" da "b" da "t" sukan fito da iska mai bugun makirufo. Ana rage wannan da ɗan rariya na yadi, wanda ɗalibi zai iya haɗawa da kansa da zoben waya da siririn ƙyalle.

A saita manhaja ta ɗauki samfurin sauti sau 44,100 ko 48,000 a sakan. Kunnen ɗan'adam yana jin girgizar da ta kai sau 20,000 a sakan, kuma ƙa'ida ita ce adadin samfurin ya zarce ninkin wannan. Sa'an nan a lura da ma'aunin ƙarfi: kada ya taɓa sifiri. A bar mafi ƙarfin murya ya tsaya wajen desibel 12 zuwa 6 ƙasa da sifiri, domin sautin da ya fashe ba ya gyaruwa, kamar ƙwai ne da ya faɗi ƙasa.

In waƙa ce mai kiɗa, sai a ba makaɗi makirufonsa, a matsar da masu kalangu ko kotso baya, domin ƙararsu ta fi ta murya nesa ba kusa ba. Kuntigi da gurmi kuwa, da yake makaɗin ne ke riƙe da su, a sa makirufo na biyu daidai ƙoƙonsu. Kafin a soma, a yi gwajin minti guda a saurara.

5.0 Adanawa

A ajiye asalin naɗiya a tsarin WAV, domin MP3 yana zubar da wani ɓangare na sauti don ya rage nauyi, abin da ya zube kuwa ba ya dawowa. A yi kwafi uku a wurare dabam-dabam. A farkon kowace naɗiya a faɗi sunan mai magana da garinsa da kwanan wata. Haka kuma wajibi ne a nemi izininsa, a bayyana masa inda muryarsa za ta je, domin waƙa dukiyar mai ita ce.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa ɗaki shi ne farko, makirufo na biyu, sauran kaya su biyo baya. Hausawa na cewa da babu gara ba daɗi, to amma wanda yake da halin yin mai daɗi, bai kamata ya bar wa na baya maras daɗi ba. Har yanzu akwai tsofaffi masu tatsuniya da makaɗan noma da 'yan kirarin farauta a garuruwanmu waɗanda ba a taɓa naɗar muryarsu ba. Katifa da bargo da makirufo guda sun isa a fara.