Ƙaramar Hukumar Zariya da Raya Tattalin Arzikin Cikin Birni: Misalin Limancin Kona

Limancin Kona ɗaya ce daga cikin mazaɓu 13 na Ƙaramar Hukumar Zariya. Tsohuwar unguwar malamai ce, kuma kamar sauran unguwannin cikin ganuwa, karatu da ɗinkin riguna da huluna su ne ke riƙe da gidaje da dama.

Gyaran da aka yi wa ƙananan hukumomi a 1976, wanda ya kawo ƙarshen mulkin En'e, ya ɗora wa majalisa nauyin kasuwanni da tashoshin mota da magudanan ruwa da ƙananan hanyoyi. Waɗannan su ne makamanta na raya ciniki. To, amma da wane kuɗi? A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali, abin da ya faranta wa talakawa rai, ya kuma rage wa baitulmali ƙarfi. Ciniki kuwa, tun da jirgin ƙasa ya iso a 1911 ya karkata zuwa Sabon Gari, wadda daga baya ta zama ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta, ta tafi da kuɗin babbar kasuwarta.

Saboda haka manyan ayyuka, kamar gadar sama ta Ƙofar Doka, ba ƙaramar hukumar ce ta yi su ba. A ganina ba gada ce ta fi damun maɗinkin Kona ba; jari da kasuwa yake bukata. A Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya.