R02 Ko I96? Abin Da Lambar Ruɓewar Nama Ke Nufi A Takardar Asibiti

Matasa da yawa kan ɗauko waya su binciki lambar da suka gani a takardar asibiti. Irin waɗannan lambobi daga kundin ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya suke, wanda ke bai wa kowace cuta lambarta domin kwamfutocin asibiti da na inshora su fahimci juna.

Ruɓewar nama, wadda likitoci ke kira gangirin, na faruwa ne idan jini ya daina kai wa wani sashen jiki, ko ƙwayoyin cuta suka cinye shi. A ICD-10 lambarta R02 ce, amma a sigar da Amurka ke amfani da ita I96 ce. Shi ya sa binciken Google ke kawo amsa biyu.

Waɗannan biyun na aiki ne kawai idan ruɓewar ba ta da wani gurbi a kundin. Idan ciwon suga nau'i na biyu ne sila, E11.5 ake rubutawa. Ruɓewar da ke tara iska a cikin tsoka A48.0 ce. Cutar noma mai cin fuskar yara, wadda ake da asibitinta na musamman a Sakkwato, A69.0 ce.

Sabon kundin ICD-11 ya fara aiki a Janairun 2022, kuma ana iya buɗe shi kyauta a waya. Sai dai lamba ba ta maye gurbin likita. Yatsan da ya yi baƙi, ya yi sanyi ko yake wari na buƙatar asibiti a ranar, domin jinkiri kan kai ga yanke ƙafa.