Jigilar irin albasa na dashe

Jigilar irin albasa na dashe ita ce ɗaukar ƙananan tsiron albasa daga fangalin da aka yi yayyafinsu zuwa gonar da za a dasa su. Aiki ne da aka saba da shi a wuraren noman rani na Jihar Kebbi, kamar Aliero, Jega, Kalgo da ƙasar Gwandu, inda garin Dodoru yake. Ba kowane manomi ne ke yin yayyafi da kansa ba. Wani saye yake yi, wani kuma nasa ne ya lalace, dole ya nemo daga wani gari. Idan irin ya mutu a hanya, kuɗi sun tafi, kuma sabon yayyafi ba zai riski lokacin dashe ba.

Lokacin cira

Iri yakan isa dashe bayan mako 6 zuwa 8 da yin yayyafi, sa'ad da ya fitar da ganye uku ko huɗu, tsawonsa ya kai kamar santimita 15. Yawancin dashen rani ana yin sa ne a watannin Nuwamba da Disamba, lokacin hunturu. Akan ba fangali ruwa kafin cira domin ƙasa ta yi laushi, saiwoyi su fito ba tare da sun tsinke ba. An fi son cira da yamma ko da sassafe.

Ɗauri da lodi

Bayan an cire, sai a karkaɗe ƙasa, a ware wanda ya yi rawaya ko ya ƙwanƙwame, a ɗaure sauran ƙulli-ƙulli, saiwoyi duk suna fuskantar gefe ɗaya. Wasu sukan datse kamar kashi ɗaya cikin uku na ganyen don rage ruwan da tsiron ke fitarwa.

A nan ne aka fi yin kuskure. Mutum yakan ji tsoron kada iri ya bushe, sai ya jiƙa shi sharkaf ya cusa a buhun leda ya ɗaure baki. Alhali tsiron yana numfashi, kuma numfashin yana haifar da zafi. Idan iska ba ta shiga, sai buhun ya yi gumi, na tsakiya su fara ruɓewa tun kafin a isa gona. Albasa ta fi tumatir da tattasai jure ɗan bushewa, domin tana da abincin da ta ajiye a gindinta. Laima da zafi ne suka fi yi mata illa. Shi ya sa kwando ko buhun algarara ya fi, a rufe sama da ciyawa ko tsumma mai ɗan danshi, ganyen kuma ya zauna a bushe. A kan babur ko a-kori-kura, ba a ɗora wani kaya a kansa, ba a kuma barin sa a rana. Da an sauke, sai a kwance a inuwa, a dasa da yamma, a ba da ruwa nan take.

A wasu ƙasashe

A jihar Texas ta Amurka ana aika irin albasa ta gidan waya, a bushe, cikin kwalaye masu huji. Rasberi kuwa, wani ɗan tsiro mai jajayen 'ya'ya na ƙasashen sanyi, akan aika shi lokacin da ya zubar da ganye, an naɗe saiwoyinsa da abu mai danshi, domin shi bushewar saiwa ce ke kashe shi.

Ƙetare iyaka

Kebbi tana iyaka da Nijar da Benin, kuma tsiro mai rai yana iya ɗauke da ƙwari a tsakanin ganyensa ko cuta a ƙasar da ta manne wa saiwarsa. Saboda haka yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya ta 1951 ta tanadi takardar shaidar lafiyar tsiro. A Najeriya hukumar NAQS ce ke duba kayan ta ba da wannan takarda.